Mijin Yayata da Kaset Ɗin da Na Shafe

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a tattara mu. Mijin yayata ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Makera, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Bayan azahar muka kai shi.

Ranar sadakar uku na samu ƙarshen tabarma na zauna ina sauraron masu ta'aziyya. Babu wanda ya ambaci sunansa na yanka, Baba Mai Bidiyo kowa ke cewa. Wani dattijo da suka yi aikin masaƙa tare a Kakuri ya ce a ƙofar ɗakin marigayi ya fara ganin Ka'aba a bidiyo mutane na kewaya ta, ba a hoton kalanda ba, kuma ranar ko tuwo bai iya ci ba. Wata mata ta aiko daga cikin gida a tambaya ko kaset ɗin bikinta na nan cikin kayansa, ta kawo gyara tun 'ya'yanta na ƙanana ba ta koma ba. Aka duba, yana nan, an rubuta sunan layinsu a gefe. Wani mai shagon atamfa kuma ya ba da labarin yadda ya aro fim, ya dawo da shi daga Tudun Wada bai mayar da zaren kaset ɗin farko ba, marigayi ya miƙa masa ya ce ya koma gida ya mayar tukuna. Aka yi 'yar dariya irin ta zaman makoki.

Ana cikin haka ne keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin rumfa, wani tsoho ya sauko da sanda, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Yawancin mutanen wurin ba su san shi ba. Ni kam tun kafin ya ɗago kai na gane shi. Kafinta ne, maƙwabcinmu na da, wanda ya tashi ya koma Gonin Gora shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ya cire takalmi, ya gaisa da liman, ya ce Allah ya jiƙan Malam. Sannan ya dube ni ya ce, "Ƙanin amarya, kana nan?" Haka yake kirana tun ina saurayi. Na ce ina nan. 

Ni ƙanin matar marigayi ne ta fari, Yaya nake ce masa. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan na allo. 'Yarsa, wadda yayata ta haifa, ita ta ce in rubuta wani abu a kansa saboda jikoki, tunda ba wanda ya fi ni daɗewa da saninsa yanzu. Da na ɗauki biro sai na ga ba zan iya rubuta shi ba sai na rubuta abin da na yi masa. To ga su nan, duka biyun.

A wancan zamanin muna zaune a gidan haya mai ɗakuna jere biyu suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya. Akwai mu mutanen Zariya da Katsina, akwai mutanen kudancin jiha, kowa da sana'arsa. Ɗakin Yaya da na Kafinta bango ɗaya ya raba su. Ni ina ɗakin bakin ƙofa, ban yi aure ba, ina aikin ɗaure kaya a wani kamfanin kwali a Kudenda.

Ranar da Yaya ya sayo bidiyo, a ka ya ɗauko ta tun daga bakin titi, bai yarda mai kura ya taɓa ba. Wata ƙatuwa ce mai launin azurfa, bakinta ta sama yake ɗagowa ya karɓi kaset. Yayata ta saƙa mata mayafi da zaren ulu. Kafinta ya ƙera mata kabad mai ƙofar gilashi, ya sa kwaɗo. Kwaɗon ya zo da makulli uku: Yaya ya riƙe ɗaya, ya ba Kafinta ɗaya, ya ba ni ɗaya. Ɗakin kuwa ba a kulle shi da rana, labule kawai ake saki.

Duk Lahadi, idan su Kafinta sun dawo daga coci sun ci abinci, sai a fito da talabijin baranda. Gidan gaba ɗaya ya hallara, har da na maƙwabta a kan katanga. Fim ɗin Indiya aka fi sawa. Kafinta ko kalma ɗaya ba ya ji a yaren, amma shi ke fassara mana, kuma ba ya inda-inda. Idan jarumi ya buɗe baki yana kuka, sai ya ce wai cewa yake an ci masa naman miya. Yayata takan yi dariya har ta riƙe ciki. Da an kira la'asar Yaya zai tashi ya kashe, ko da an zo wurin da ya fi daɗi. Kafinta ya ce, "Malam, anya ba haɗa baki kake da ladanin nan ba? Kullum sai an zare wuƙa yake kira." Amma shi ne zai zauna gadin kabad har mu dawo daga masallaci. Ranar Kirsimeti kuma ƙofar Kafinta ake mayar da kayan, Yaya da kansa yake jan waya.

Yaya mutum ne mai doka, kuma ba zan ɓoye ba, yana da riƙo. Ba a taɓa kaset da hannun mai. Ba a ajiye shi kan talabijin. Ba a tsayar da hoto a tafi hira. Babbar dokarsa ita ce duk wanda ya gama kallo ya mayar da zare farko. Yakan ce wanda bai mayar ba bai tuna akwai wani a bayansa ba. Shi ne kuma ya nuna mini wani ɗan haƙori na roba da ke gefen kowane kaset. Ya ce muddin haƙorin na nan, ana iya ɗaukar sabon abu a kan tsohon, tsohon ya shafe. Idan aka ɓalle shi kuwa, bidiyo ba za ta yarda ta ɗauka ba.

"Duk wanda ka ga an ɓalle wa haƙori," in ji shi, "mai shi ne yake ce maka kada ka taɓa."

Na tambaye shi, to idan mutum ya ɓalle daga baya ya canja shawara fa? Ya ce sai ya liƙe ramin da salatif, bidiyo ba ta da ido. Da bakinsa ya koya mini.

Sun shekara bakwai da aure kafin Allah ya ba su haihuwa. Ranar suna Yaya ya ɗauko mai kyamara daga ƙetaren gada, abin da ba a taɓa yi a layinmu ba. Tun daga raɗin suna da safe har watsewar mata da yamma an ɗauka, ya cika wajen awa ɗaya da rabi. Da aka kawo kaset ɗin, a gabana ya ɓalle haƙorin da farce. Yayata ba mai son hoto ba ce, ko na bikinta ta sunkuyar da kai. Kafin a yaye yarinyar zazzaɓi ya kwantar da yayata kwana tara, ta rasu. Wannan kaset ɗin shi kaɗai ne wurin da fuskarta da muryarta suka rage a duniya.

Bayan rasuwar aka daina fito da talabijin baranda. Idan Yaya ya dawo daga masaƙa sai ya saki labule ya kunna. Muna tsakar gida muna jin guɗar ranar suna tana fitowa daga ɗakin da aka yi makoki. Wani lokaci in shiga in zauna kusa da shi mu kalla tare. Idan ya ƙare ya mayar da zare farko, ya bar kaset ɗin a cikin bidiyo, ya rufe da mayafin da ta saƙa.

Wata Asabar ya ɗauki yarinyar ya kai wa mahaifiyarsa ta gani a Zariya. Ranar ana wani babban wasan ƙwallo da dukan gari ke magana a kai, ni kuma aikin yamma gare ni. Na riga na cika baki a kamfani cewa zan ɗauka, kowa ya zo ya gani. Na nemi kaset marar komai ban samu ba, motar ma'aikata kuma tana ta ƙaho a bakin titi. Na shiga ɗakin, na buɗe kabad da makullina, na kunna, ana shirin take wasa. Na danna jan maɓallin ɗauka, bidiyo ta tofo kaset ɗin da ke ciki. Na duba, haƙori a ɓalle. Na ce a raina ai tsohon fim ne. Na ciro guntun salatif ɗin da muke ɗaure kwali da shi daga aljihu, na liƙe ramin, na tura, na danna, na fita da gudu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban san wane kaset ba ne. Gaskiyar ita ce ban so in sani ba. Wane kaset ne zai kwana a cikin bidiyon nan in ba shi ba? Da na kunna shi na ƙiftawar ido da na gani. Ban kunna ba, saboda mota tana jira.

Ina kan aiki abin da na yi ya faɗo mini a rai. Washegari da hantsi Yaya ya dawo. Ina bakin famfo ina wanki na ga ya saki labule. Can na ji ƙarar mayar da zare, sai ihun 'yan kallon ƙwallo ya cika gidan. Ya yi kamar minti ɗaya, aka kashe. Ya fito riƙe da kaset ɗin da hannu biyu, kamar wanda ya ɗauko jariri. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya buɗe kabad?"

Na ce, "Ni jiya ina wurin aiki. Ai ka san mai son ƙwallo a gidan nan."

Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai su muni ba. Kowa ya san Kafinta da ƙwallo, rediyo a kunne yake aiki. Suna dawowa daga coci Yaya ya tare shi a tsakar gida, gaban matarsa. Kafinta ya rantse bai shiga ɗakin ba. Ya ce shi da ya raka gawar har maƙabarta ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana, shi za a ce ya yi wannan? Yaya ya ce makulli uku ne, nasa na aljihunsa a Zariya, ƙanin matarsa kuma ba zai shafe yayarsa ba. Kafinta ya dube ni. Ni kuma na dubi kumfar sabulu. Ya ciro makullin daga cikin nasa, ya ajiye a bakin taga, ya shige ɗaki. Daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Kafin damina ta fita ya kwashe kayansa ya koma Gonin Gora.

Daga baya, da gari ya rikice mutane suka rarrabu, masu ba da labari sukan haɗa da su biyun, su ce ai rikici ne ya raba Malam da amininsa. Na sha jin haka ban gyara musu ba. Ba rikici ba ne. Ni ne.

Abin da ya rage a kaset ɗin ɗauke wuta ne ya cece shi. Ana tsakiyar zagaye na biyu aka ɗauke, bidiyo ta tsaya. Saboda haka idan mutum ya kalli ƙwallo wajen minti tamanin, sai hoto ya yi rawa, ya yi ƙasa-ƙasa, sai ga tsakar gidanmu da yamma. Mata na tattara kwanuka. Yayata na zaune a tabarma da jaririya a cinya. Mai kyamara ya matso, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya, ta ce, "Ya isa haka, bawan Allah, je ka ci abinci." Sai ya juya wajen ƙofa. Duka bai fi minti uku ba.

Yaya bai taɓa son ƙwallo ba. Amma ya ce tura zare gaba da gudu yana miƙar da shi, yana cin ransa, kuma wannan kaset ɗin ba shi da na biyu. Don haka duk lokacin da zai ga matarsa sai ya zauna ya kalli wasan nan tun daga farko. Ya haddace shi. Yakan ce yanzu mai lamba tara zai faɗi, yanzu alƙali zai ɗaga kati. Har ya koma ga Allah bai san wanda ya ci ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Wata rana, bayan shekara biyu ko uku, ya leƙo ɗakina ya ce, "Zo ka ga yayarka." Na zauna kusa da shi minti tamanin ina kallon aikin hannuna. Wani lokaci yakan juyo ya dube ni, ya mayar da kai. Da ta fito ta yi maganarta ya share ido da bakin riga, ya mayar da zare. Na tashi na ce sai anjima. Haka ya riƙa kirana, shekara-shekara, kusan duk lokacin da watan rasuwarta ya zagayo.

Da masaƙa ta rufe, wasu sun koma ƙauye, wasu acaɓa. Shi ya buɗe ɗan shago a bakin layi yana gyaran bidiyo, da sukundireba uku da farin ƙyalle da kwalbar ruwan goge kai. A nan sunan ya bi shi. Na taɓa ganin wata mata daga Kudenda ta zo da kaset a leda, bidiyo ta tauna zaren ya cukurkuɗe, na bikin ɗanta ne da ya rasu a hatsarin mota. An ce mata a jefar. Yaya ya rufe shago ga kowa. Ya kwance kaset ɗin, ya warware zaren a kan farin zane, ya riƙa miƙar da shi da bayan cokali kaɗan-kaɗan, ya yanke inda ya tsage ya haɗa. Yini biyu ya yi. Da ta zo ya kunna mata, ya fita waje ya bar ta ita kaɗai. Da damina kuwa, idan fumfuna ta fara kama zare, gida-gida yake bi yana cewa a fito da kaset ɗin biki a goge kafin ya ci fuskokin mutane.

Ni ma ban fita daga alherinsa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini nauyi. Shi ya shige gaba wajen neman aurena. Da kamfaninmu ya sallame mu, shi ya ajiye mini benci a shagonsa ya koya mini goge kan bidiyo. Ya ƙara aure bayan wasu shekaru, matar ta reni yarinyar kamar ita ta haife ta, amma duk Sallah sai ya turo ta gidana ya ce ta je ta gaida dangin uwarta.

Faifai ya zo, mutane suka tura bidiyo ƙarƙashin gado. Waya ta zo, aka manta da faifan ma. Yaya ya riƙa tare 'yan gwangwan yana karɓar matattun bidiyo kafin su farfasa, ya cire roba nan, ya cire kai can, duk don tasa ɗaya ta ci gaba da numfashi. Mijin 'yarsa ya ce a kai kaset ɗin wani shago a cikin gari a juye shi a waya. Da Yaya ya ji sai an bar shi can kwana biyu, ya ce ba inda zai je. 'Yar ta ɗauki minti ukun da wayarta daga fuskar talabijin. Ya duba ya ce ya yi kyau, ya ci gaba da kallon ƙwallonsa.

Na yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba. Ranar auren 'yarsa na yi niyya, na ce kada in ɓata farin ciki. Da zai tafi aikin hajji na yi niyya, na ce bari ya dawo. Ranar ƙarshe da na je duba shi a asibiti, da azahar, mu biyu ne kawai a wurin. Ya riƙe hannuna ya ce, "Akwai abin da za ka gaya mini?" Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Ya ce amin, ya saki hannun, ya juya wajen bango.

To, a ranar sadakar ukun nan, da mutane suka ragu bayan la'asar, 'yarsa ta fito ta miƙa mini makulli. Ta ce, "Kawu, Baba ya ce idan ya tafi a ba ka wannan." Muka shiga ɗakinsa tare. Kabad ɗin Kafinta ne har yanzu, gilashi ɗaya ya tsage. Na ɗaga mayafin ulun, na danna, bidiyo ta ɗago bakinta. Kaset ɗin yana ciki, zare a farko. Na juya gefensa. Salatif ɗina yana nan inda na liƙa shi, ruwan ƙasa mai koren layi a tsakiya, irin wanda babu inda ake samunsa sai kamfaninmu. Mutumin da ya fi kowa tsoron a shafe kaset ya bar ramin nan a liƙe shekara talatin.

Na ce mata ta kira mini tsohon nan mai sanda. Ya shigo ya zauna a bakin gado. Na tsaya a gabansu na faɗi komai, tun daga ƙahon mota har kumfar sabulu. Ban rage ba.

Kafinta ya daɗe yana kallon kabad ɗinsa. Sannan ya ce ya sani. Ya ce shekara biyu bayan tashinsa Malam ya je har shagonsa a Gonin Gora da kaset ɗin a aljihun babbar riga, ya nuna masa koren layin, ya ce sai ranar da ya zo goge zaren ya lura, ya roƙi gafara.

"Na ce na yafe, amma a baki ne," in ji Kafinta. "Ruwa kawai na ba shi, ko bakin titi ban raka shi ba. Ni ma da nawa da zan amsa. Na tambaye shi, to yaya za ka yi da ƙanin amarya? Ya ce, idan na tambaye shi zai ƙara wata ƙaryar, laifinsa ya zama biyu. Zan jira ya kawo da kansa."

Na zauna a ƙasa. Ashe duk "zo ka ga yayarka" ɗin nan ƙofa yake buɗe mini. Na roƙi Kafinta gafara. Ya ce shi ya tsufa da riƙo, ya yafe, wannan karon har ciki. Ya nuna 'yar da sandarsa ya ce amma ba shi aka fi yi wa ɓarna ba.

Ita ba ta yi kuka ba. Mace ce yanzu mai 'ya'ya huɗu, ta girmi uwarta a hoton nan da shekaru. Ta ce tun tana ƙarama take tambayar Baba abin da ke farkon kaset ɗin, sai ya fara faɗa ya kasa ƙarasawa. Ta tambaye ni ko na kalle shi kafin ya shafe. Na ce sau da yawa.

"To ku biyun nan kaɗai kuka rage," in ji ta. "Maganar yafiya ka bar ni tukuna, Kawu. Kunna. Kada ka tura gaba. Ka rage murya, ka gaya mini abin da ke ƙarƙashi."

Na tura kaset ɗin. 'Yan ƙwallo suka fito suna gudu babu sauti. Na fara. Na ce nan liman ne yake raɗa sunanki, babanki ya sa farar riga mai aiki a wuya, hularsa ta karkace bai sani ba. Nan ragon ya kubce ya shiga ɗakin wani mai ɗinki na gidanmu. Nan mahaifiyarki ta fito daga wanka da atamfa shuɗiya. Kafinta ya ce ba shuɗiya ba ce, koriya ce, matarsa ce ta raka ta sayowa. Na ce koriya ce. Da na manta wani wuri sai ya karɓa, da muryarsa ta fassarar fim, sai dai wannan karon bai ƙara ko kalma ɗaya tasa ba. Ya ce a daidai nan uwarki ta ɗaga ki sama tana kiran sunanki sau uku, kina ta barci ba ki kula ta ba. A nan ne 'yar ta rufe fuska.

Mai lamba tara ya faɗi inda ya saba faɗuwa. Hoto ya yi rawa. Na ƙara murya. Yayata ta ja mayafi, ta yi dariya, ta ce ya isa haka.

'Yar ta miƙa hannu za ta kashe, na ce ta dakata. Na danna mayarwa. Mu uku muka zauna muna jin zaren yana komawa, har ya kai farko ya tsaya. Na ciro kaset ɗin, na sa farce na ɓamɓare salatif ɗin. Sannan na raka Kafinta har bakin titi, na tsaya sai da ya samu abin hawa.

Allah ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinsa, Ya haɗa shi da matarsa inda ba zai jira komai kafin ya gan ta ba. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da sauran wuri ya sa ni. 'Yarsa ba ta ce ta yafe ba har yau. Ta dai ce in dawo ranar Lahadi, in biya ta Gonin Gora in taho da tsohon, akwai matan da suka zo sunan da ba mu gama gaya mata ko su waye ba.